Bukkar da Na Kama wa Baffan Hadiza

Ko tsufa ya cinye mani hankali, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kama wa baffan Hadiza masauki ba. Lokacin ina aikin fiton kaya a bakin duwan, wato kwastan, na Malanville, ina neman auren Hadiza, maganar kuwa duk tana hannun baffanta, Alhaji Mudi na Dogon Dutsi. In ya ce a'a, shi ke nan, na rasa ta.

Sai aka ce zai zo sarin albasa, ya kwana biyu, ya kuma ga "yaron nan". Maimakon in sauke shi gidanmu kamar kowane mai hankali, na ce wallahi sai na burge shi. Akwai wani sabon otel a bakin kogi da Turawa da 'yan Kwatano ke rububi. Na kama ɗakin da ya fi kowane tsada (albashina ya ji a jikinsa, kada ma ku tambaya).

Muka isa, ina gaba ina taƙama, Alhaji na biye da babbar riga. Aka buɗe ƙofa. Bukka ce, jama'a! Ginin laka, rufin ciyawa, gadon kara. An huhhuda ƙwarya an kife ta kan ƙwan lantarki. Wajen wanke hannu tsohon turmi ne aka ja wa famfo. Ni a idona abin ya yi kyau matuƙa, irin na hotunan telefon.

Alhaji ya ɗaga kai ya daɗe yana duban ciyawar.

"Ɗana, nan ne?"

"Nan ne, Baba. Yanzu shi ake yayi."

Da na yi shiru nan, da na tsira. Amma ina! Bakina ya ƙara da cewa, "In Allah ya yarda, irinsa zan gina wa Hadiza."

Ya dube ni, ya dubi turmin. "Irin wanga?" Na gyaɗa kai ina murmushi kamar wawa. Ya ce, "Allah shi kyauta," ya shimfiɗa sallayarsa.

Ashe mutumin cikin irin wannan bukka ya tashi, damina na yi musu yoyo a ka, har ya rantse babu ɗiyar gidansu da za ta ƙara kwana ƙarƙashin ciyawa (Hadiza ce ta gaya mani daga baya, tana dariya har da hawaye). Ya koma gida bai yanke maganar auren ba. Na tsorata ƙwarai.

Rannan da hantsi sai ga kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya ƙofar biron da nake aiki. Direba ya leƙo yana kwarmato: "Ina surukin Alhaji Mudi? Ga kwanon rufi da siminti! Ya ce ya ba ka Hadiza, amma don girman Allah ka bar maganar ciyawa. Kuma ya ce a gaya maka, turmi na daka ne!"

Abokan aiki, jandarmomi, 'yan kabu-kabu, har mai shayi, kowa ya kwashe da dariya. Ni ga farin ciki ga kunya, na rasa wanda zan fara yi. Tun daga ranar sunana ya koma Ango Mai Bukka.

Na dai koyi darasi: kafin ka burge mutum da abin yayi, fara tambaya ko daga cikinsa ya gudo. Har yau in Alhaji ya kawo mana ziyara, kafin ya amsa gaisuwata sai ya ɗaga kai ya dubi rufi.