Faifan Laminu a Zaman Makoki

Ko da na so, ba zan taɓa iya mantawa da tafiyarmu ta Maraɗi a daminar bara ba, domin dangin matata sun ɗauki nauyin tuna mini.

Ni malamin lakwal ne a nan Yamai, a wata makaranta mai zaman kanta da ke unguwar Dar es Salam, irin wadda ake ce wa mutum "Mushe" (wato Monsieur na Faransanci) da ladabi, ƙarshen wata kuma a ce ya ƙara haƙuri. Ina cikin wannan hali abokina Laminu ya dawo daga Amurka. Tare muka tashi a Maraɗi, benci ɗaya muka zauna, kuma (ba hassada ba ce, tarihi ne) ni nake ba shi amsar lissafi. Ya dawo da tumbi, da farar mota mai sanyi, da wani wasa da ya ce shi ne rayuwarsa yanzu.

Wasan kuwa ga shi: faifai ne na roba, kamar murfin bokiti amma ya fi nauyi. Ka tsaya daga nesa ka wurga, ka bi shi inda ya faɗi ka sake wurgawa, kana kauce wa itatuwa, har ya shiga wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Da wani talaka ne ya kawo mana wannan a fadar da muke shan shayi, da mun yi masa dariya har gawayi ya mutu. Amma da yake Laminu ne, sai kowa ya ce, "Kai, wasan nan akwai hikima."

Wata rana ya ce mini, "Zan je Maraɗi gaida tsohuwa. Ina so mu tsattsaya a hanya mu buga, in ga irin wuraren da suka dace. Filin wasan nan nake so in buɗe a ƙasar nan, kuma ina neman wanda zai riƙe mini in na koma."

Ban ji komai ba sai "wanda zai riƙe mini". Nan take na hango kaina na ajiye alli har abada.

Na ce, "Bar mini zaɓen wuraren. Hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina."

Gaskiyar magana, ta tagar bas na san ta, kuma yawanci kafin mu fita gari barci ya ɗauke ni, sai a Kwanni nake farkawa in sayi kilishi. Sai na buɗe taswirar salula, duk inda na ga fili da ɗigon itatuwa na ce ya yi. Da yamma kuma nakan je Goudel bakin kogi in yi ta wurga murfin bokiti, masu lambu suna kallona da tausayi.

Ana gab da tafiyar, kawun matata Rakiya ya rasu a ƙauyensu, kusa da Dogondutsi. Ta tafi da yara. Ni kuwa na ga in na bi ta, Bashiru, ƙanin Laminu da ke tuƙa masa mota, zai gaje wurina. Sai na kira surukina.

"Baba, Allah ya ji ƙansa. An saka mana wani horo na malamai, ba a ba kowa izini ba. Da an gama zan zo."

Ya ce, "Ba komai, ɗana. Neman halal ai ibada ne. Allah ya yi maka albarka."

Da wannan albarkar na shiga mota da sassafe.

Wuri na farko yana wajen Yamai kaɗan. A taswira fili ne fetal. Da muka isa, an yayyanka shi farsel-farsel, wato fuloti-fuloti, ko'ina bulo da tarin yashi, wani mai gadi yana shanya wanki. Na ce ai cikin 'yan kwanakin nan aka yi ginin. Bashiru ya nuna wata katanga da fentinta har ya koɗe.

Na biyu yana gaba da Doso. Abin da ban yi tunani ba shi ne da rani aka ɗauki hoton taswirar, mu kuwa a tsakiyar damina muke. Filin da na zaɓa ya zama tabki, har da agwagi. Laminu ya ce tunda mun zo, bari ya gwada daga gefe. Jifa ɗaya, faifansa ja ya sauka a tsakiyar ruwa, ya nutse.

Muka koma mota. Can Laminu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka taɓa taka wuraren nan da ƙafarka kuwa?"

Bashiru ya ce, "Yaya, ni na san wani wuri a Madawa."

Jin haka sai hankalina ya tashi. Fili ɗaya tak na sani da idona a duk hanyar nan: filin ƙwallon da ke bayan ƙauyen su Rakiya, mai layin darbejiya a gefe. Na ce a raina, gidan kawu yana can tsakiyar gari kusa da masallaci, za mu zagaya ta baya, mu buga, mu fice, ko akuya ba za ta gan mu ba. (Shaiɗan ba ya kawo shawara sai da hujja mai kyau.)

Can na kai su, kuma filin ya yi kyau, wallahi. Laminu ya fito yana murmushi, ya daki kafaɗata. Bashiru ya sauke kwandon daga mota ya kafa. Laminu ya miƙo mini gajeren wando da wata riga ruwan ɗorawa, ya ce ba a wasan nan da kaftani. Na saka a bayan mota, ni mai 'ya'ya uku, ƙafafuna kamar sandunan turke.

Ya ce, "Kai ka zaɓi wurin, kai za ka buɗe."

Na karɓi faifai shuɗi, na ja da baya, na tattara duk ƙarfin da na tara a Goudel, na sake shi. Ya tashi da kyau. Sai ya karkata, ya bar kwando a hagu, ya haye saman darbejiya, ya ɓace. Muka ji wani ƙwal, sannan muryoyi da yawa suka ɗauki salati.

Laminu ya ce, "Na rasa ɗaya yau, ba zan rasa biyu ba. Je ka ɗauko."

Na kutsa tsakanin itatuwan. Ashe marigayi ya yi sabon gini a bayan gari, ya tare tun shekara guda kafin nan. Rakiya ta gaya mini, na tabbata, a ɗaya daga cikin ranakun da nake cewa "uhm" ina latsa salula. Ga rumfa, ga tabarmi, ga dattawa jere da carbi. A tsakiya ga babbar roba ta furar sadaka, rabinta a ƙasa, sauran a jikin farar rigar surukina. Faifan yana hannunsa, fura na ɗiga.

Ya dube ni daga hula zuwa gwiwa, ya tsaya a gwiwar.

"Mushe, an tashi daga horon ke nan?"

Na durƙusa in gaishe shi, wandon ya ƙara hawa sama. Bakina ya ce, "Baba, ya haƙuri?" Wani tsoho ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Baba ya juya ya ce, "Ku samo masa abin da zai rufe jikinsa, za a yi addu'a."

Aka shiga cikin gida. Abin da aka fito da shi zane ne, atamfa mai furen rawaya. Na gane shi, don ni na saya wa Rakiya shi da sallah. Da hannunta ta aiko. Na ɗaura, na zauna cikin manyan gari, na ɗaga hannu ina amin.

Ana cikin haka sai ga Laminu. Ya tsaya a mota ya zura jallabiya fara da hula, har da turare. Ya yi sallama, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, ya zauna kusa da Baba ya ce, "Ku gafarce mu. Wallahi bai gaya mini an yi rasuwa ba, da gaisuwa za mu fara zuwa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Aka yi ta sa masa albarka, ana cewa ga wanda zaman Turai bai ɓata ba. Baba da kansa ya wanke faifan da ruwan buta ya miƙa masa.

Ban bi su Maraɗi ba. Na kwana uku a ƙauyen, kowa ya zo gaisuwa sai an nuna masa ni. Rakiya ba ta yi mini faɗa ba, ko da muka dawo Yamai. Ta ninke zanen ta saka cikin kayana, ta ce, "Na bar maka. Ya fi yi maka kyau."

Laminu ya koma Amurka, ya bar wa Bashiru kwando da mota. Filin har yau ba a buɗe ba, amma Bashiru yana wuce ni a bakin gudron, titin kwalta, ina jiran taksi, ya yi mini oda. A ƙauyen su Rakiya kuwa an manta sunana, Mai Faifai ake ce mini, har 'ya'yana ake kira 'ya'yan Mai Faifai.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Kada ka nuna wa mutum hanyar da barci kake yi in ana bin ta. In kuma har ka ƙudurta yi wa surukinka ƙarya, to, aƙalla ka sa dogon wando.