Rasuwar Magulmaciya, Wayar Muallim Davlatyor

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, muke sanar da mutanen Chinorak, na gida da waɗanda ke aikin ƙarfi a Rasha, rasuwar wayar Muallim Davlatyor Sangov, malamin lissafi a makarantar ƙauyenmu. Rai ya yi halinsa da safiyar Talata, bayan jinyar kwana uku a cikin buhun shinkafa. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya a hannun mai ita.

Ɗalibai sun san marigayiya da suna Magulmaciya. Ba don ƙauna suka sa mata sunan ba, amma ta ɗauke shi da haƙuri, kuma ta cika shi. Ba ta taɓa ɗaukar hoton kowa ba, ba ta taɓa nuna wa yaro rawa ba. Sau ɗaya take shan caji a mako, ba ta ƙorafi. Aikinta ɗaya ne. Kowace safiya, da zarar Muallim ya gama kiran suna, sai ya ɗora ta a kan tagar aji na tara, don nan kaɗai ne a duk makarantar saƙo ke fita, ta aika wa iyaye gaskiya ba gishiri: ɗanka bai zo ba, 'yarka ta ci maki biyar cikin biyar, ɗanka ya fasa gilashi. In amsa ta dawo, sai ta yi ɗan gurnani ta ce ɗit-ɗit. Akwai magidanta a ƙauyen nan da har yau gabansu ke faɗuwa in sun ji irin wannan ƙarar.

Ya kamata a faɗi wahalar da aka ba ta, don waɗanda suka ba ta suna raye. A Chinorak lambar maigida kaɗai ake ba makaranta. Malami namiji ya riƙe lambar matar wani, wannan abin kunya ne, in ji mazan da suka bar matan nan da gona da shanu da tsofaffi wata tara a shekara. Saboda haka in yaro ya yi fashi, saƙo zai tashi daga taga ya tafi garin Surgut can Rasha, ya sami uba a saman gini. Uba ya sauko ya kira mahaifiyarsa, ita ta ƙwala wa surukarta kira, suruka ta ajiye ƙullun gurasa ta je gonar dankali ta kamo yaro da kunne. Tafiyar kilomita dubu biyar, zuwa da dawowa, don a isa gidan da ake hango hayaƙinsa daga tagar. Marigayiya ta yi wannan tafiya kullum, ba ta taɓa tambayar ko masu gidan suna da hankali ba. Mu muna tambaya.

Ta rasu ta bar lambobi ɗari da arba'in da uku, waɗanda Muallim ya tara ɗaya bayan ɗaya a ƙofar masallaci da wuraren biki, lokacin sanyi da maza ke gida. Duk sun tafi da ita. An sa katinta a wata waya, aka tarar ba komai a kai. Muallim mutum ne da ke rage wa yaro maki in bai kwafe aiki a littafi ba, amma shekara goma sha ɗaya bai kwafe lamba ko ɗaya a takarda ba. An faɗa masa haka a gabansa, ya sunkuyar da kai, kuma ya dace ya sunkuyar. Ta kuma bar igiyar caji guda mai ɗaurin zare a wuya, da ɗalibai talatin da ɗaya, waɗanda goma sha biyu daga cikinsu suka ɓace zuwa shukar dankali tun ranar Litinin, suna tafe suna fito.

Ga yadda ajali ya zo. Akwai yarinya a aji na tara, Mehrangez, wadda Muallim ya ce bai taɓa koyar da kai irin nata ba. Ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta masu hazaƙa a Dushanbe, babban birnin ƙasa, ita kaɗai a kwarin nan. Sharaɗin shi ne takardar amincewar gida ta isa ofishin ilimi na gunduma a garin Gharm ranar Laraba, in ba haka ba a ba wani gurbin. Ubanta Saidmurod yana shimfiɗa bututu a dajin arewa, inda waya ba ta shiga, sai bayan kwana ashirin ake fito da su gari na wuni ɗaya. Kakarta, Bibi Anorgul, ita ce ke da ikon sa hannu, ta kuwa rantse ba za ta taɓa biro ba sai da maganar ɗanta. Muallim ya aika saƙo, ya zauna yana ƙirga kwanaki. Ranar fitowar Saidmurod ta faɗo Asabar.

A wannan Asabar ɗin ne shugaban makaranta ya kira aikin gayya na shafa farar ƙasa, don ana sa ran baƙi daga gunduma. Rufin aji na shida yana yoyo tun bara, wannan bai hana shi barci ba, amma bango dole ya yi fari. Aka jera bokitai, aka ajiye ɗaya daidai ƙarƙashin tagar da marigayiya ke zaune tana jiran amsa. Muallim yana kan benci da burushi a hannu sai ya ji gurnani, ɗit-ɗit. Ya juyo, ya ga fuskarta ta haska da sunan Saidmurod. Kafin ya sauko, ta sake gurnani na biyu, ta ja jiki kamar yadda ta saba, ta zame daga bakin taga. Shaidu sun ce ba ta yi ƙara ba, sai dai culum.

An yi mata duk abin da aka sani. An wanke ta, an cire batir, an binne ta a shinkafa. Mai gadi ya ce a kai ta kusa da murhu, matar shugaba ta ce a bar ta a rana, wani da bai taɓa gyara ko fitila ba ya ce a hura mata iska ta baki. An kira lambar Saidmurod daga wayar gidansu, ya riga ya koma daji. Ranar Talata da safe Muallim ya danna maɓallinta har yatsansa ya yi fari, ba ta buɗe ido ba. Amsar uba tana cikin gawa, kuma saura kwana ɗaya.

Da azahar ya naɗe ta a hankici, ya taka zuwa gidan Bibi Anorgul. Taku ɗari uku ne, shi ya ƙirga, kuma rabonsa da yin su tun kafin ya sayi marigayiya. Aka shimfiɗa masa katifar zama, aka karya gurasa, uwar yarinya, Gulandom, ta zuba shayi ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ba da labari tiryan-tiryan. Ya ce ya ga sunan, bai ga maganar ba, kuma ba zai ce ya ga abin da bai gani ba, ko da gurbin zai salwanta.

Bibi ta ɗaga gawar tana juya ta. Ta ce tun yana yawo ba wando ta san Muallim da taurin kai, ashe karatu bai rage masa ba. Sannan ta tambaye shi sau nawa abin ya yi kuka.

"Sau biyu, Bibi."

"To, Muallim, kai ne mai lissafi, amma ni na haife shi. Saidmurod in zai ce a'a, shiru yake yi, ubansa ma haka ya yi har ya mutu. In ka ji ya yi magana har sau biyu, na farko amincewa ce, na biyu kuwa surutun banza ne, ta sa ɗankwali, kada ta yi yawo. Wannan ni ma na iya faɗa mata. Kawo takardar."

Ta sa hannu da ƙyar, harafi ɗaya-ɗaya. Gulandom ta juya fuskarta bango na ɗan lokaci, sannan ta zaro waya daga aljihun rigarta, tsaf kamar sabuwa, ta ce a hankali shekara huɗu ke nan tana da ita, da an tambaya. Muallim ya ce dai direban da zai kai takarda Gharm ya san wani mai gyara a can da ke tayar da irin marigayiya, ko za a gwada, a ji ainihin abin da aka rubuta.

Bibi ta mayar masa da gawar, ta naɗe hankicin da kanta, ta ƙulle shi tamau. Ta ce, "Wanda ya mutu ya mutu, ɗana. Kada ka wahalar da baiwar Allah."

Takarda ta isa Gharm ranar Laraba kafin a tashi ofis.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis bayan darasi na biyar, a ƙarƙashin bishiyar nan da ake kira tut, da ke bayan aji na tara. Shugaban makaranta zai iya halarta, amma ba a ba shi damar jawabi ba. Za a dafa shinkafar da ta yi jinya a ciki a raba wa ɗaliban da suka zo makaranta duk makon nan, su kaɗai. Masu ta'aziyya kada su kawo furanni. Kowa ya zo da lamba a rubuce a takarda, ta wanda ke kwana a gidan, ba ta wanda ke Surgut ba, kuma wanda ya ga kunya a cikin wannan ya zo ya faɗa mana da bakinsa. Allah ya ba Muallim haƙurin rashi, ya ba sauran hankali.

Ba a gayyaci mai gyara ba. Bisa umarnin Bibi Anorgul, ramin zai yi zurfi, kuma ita da kanta za ta zauna a kai har sai motar da za ta kai Mehrangez Dushanbe ta wuce gada.