Hannun da Ke Cikin Aljihu

"...lahiya lau, lahiya lau. Ina gajiyar yawon ƙasar mutane?"

"Gajiya ta bi lahiya, Tsoho. Ashe kana nan? Ni da nic ce in na komo gado zan ishe ana rabo."

"Ina nan daram. Sai na ga hurhurarka."

Malam Ɗanasabe mai ɗori yana zaune a zaurensa na Aliero, bakinsa na amsa gaisuwa, idonsa kuwa na kan aljihun jikansa. Kalilu ya sauko daga bayan ɗan kabu-kabu tun daga Jega, sanye da rigar 'yan wasa mai zik. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, amma hannunsa na dama yana cikin aljihu, ko motsi bai yi ba.

Hannun nan kuwa shi ya hana tsoho sakat. Kalilu gola ne na ƙwallon hannu. Wata biyar kafin a tafi da su Saudiyya, inda ƙasashen Musulmi suka haɗu don gasar wasanni iri-iri, ya faɗi a wurin atisaye ya karye a wuyan hannu. Mai horar da su ya ce asibiti, ubansa Muhammadu ma ya ce asibiti. Tsoho ya yi tsalle ya dire, ya ce shekara hamsin yana ɗora ƙasusuwan bare, ba a kan jikansa za a nuna masa iyawa ba. Ya ɗora da karansa da man shanunsa. Muhammadu da bai taɓa ɗaga masa murya ba, ranar sai da ya ce, "Baba, in yaron ga yar rasa hannu, kai kaj ja."

Ranar wasansu na biyu Hafizu mai shagon caji ya kawo masa waya ya kalla. Yana gani wani dogon Balarabe ya tashi sama ya narka ƙwallo, Kalilu ya zube yana dafe da hannu a ƙirji, masu akwatin magani suka rugo, sai sabis ya ɗauke, hoto ya tsaya cak. An yi ta gaya masa yaro ya bugo ya ce lafiya lau. To amma mai ɗori ba ya yarda da kunne sai yatsunsa sun taɓa. Kwana goma sha ɗaya tsoro na cin sa, ga girman kai ya hana shi tambaya. Duk wanda ya zo sai ya ce masa ɗorinsa ba ya kwancewa, shi ko a jikinsa. Wannan cika baki kuwa har Jega ya kai.

"Komi nisan jihwa ƙasa zai hwaɗo," in ji tsoho. "An ce gida anka ba ka tsaro can. Nawa anka zuba maka?"

"Wasan hwarko? Talatin da huɗu."

"Talatin da huɗu. Kana tsaye ko kwana kay yi?"

"Tsoho, ƙwallon hannu haka take. Ko wanda yac ci gasa ana zuba mai ashirin."

"Ƙarya kake, ɗan Jega. Rariya ma ta hi ka riƙo. Da akuyata sunka ɗaure bakin ragar nan da ta tare biyar da ƙaho."

"Na tare goma sha ukku."

"Su sunka buge ka dai, ba ka samu wurin gudu ba. To kofin hwa?"

"Mun bar musu. Baƙo ba ya cinye tuwon masu gida."

"Madalla da tarbiyya. Jirgi sama, jirgi ƙasa, don ku tai ku yi kara."

Yana faɗa yana dariyar dole, yana satar kallon aljihu. Ga kunnen yadi fari ma yana leƙowa ta bakin aljihun, irin na ɗaurin asibiti. Ya yi gyaran murya.

"Sanyi kake ji ne, ko kuwa kaza kas sato? An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

"Hannuna na, aljihuna na. Mi ad damuwarka? An ce mani ko a jikinka."

"Wa yad damu? Tambaya dai nake, kada ka ɗauke mani wani abu. Ina saƙona?"

Dabino ya aike shi ya sayo, na can, wanda alhazai ke ba da labari. Kalilu ya jawo jakarsa da hannun hagu, ya zuge ta da haƙori, ya zaro kwali, ya miƙo wa kakansa da hagun nan dai. Tsoho ya ƙura wa hannun ido. Yaron da uwarsa ta yi wa tarbiyya ba zai miƙa wa babba abu da hagu ba sai in dama ta gaza.

"Da hagu kake ba ni? Can anka koya maka?"

"Karɓi dai, Tsoho. Mai tabshi niz zaɓo, na tsotso. Nic ce ma mai shago kakana haƙori biyu gare shi, ɗaya na Aliero ɗaya na Maiyama, ba su ko gaisawa."

"Haƙoran ga sun ci naman sunan ubanka, za su ci na ɗanka. Wanga dabino ko a tashar Jega kas saye shi."

"Duba rubutun Larabci."

"Ko kwalin ashana a yi mai rubutu."

"To kawo in kai ma matarka Gudiya, amaryata. Ita ta san daraja. Na ma yi mata kujera can, bana za mu tahi mu bar ka da awaki."

"Ɗauke ta yau. Shekara hamsin ina neman mai karɓa." Ya sake duban aljihun. "Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle Gudiya."

Ya jefa maganar ne ko yaro zai zaro hannun ya nuna masa ƙarfi. Kalilu ya sunkuyar da kai kawai, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce, "Haka Allah yas so." Nan fa dariyar tsoho ta ƙare. Maganar Muhammadu ta dawo masa sabuwa fil, ya ga kansa yana shiga gidan ɗansa a Jega da kunya, ya ga yaro ɗan shekara ashirin da biyu yana koyon cin tuwo da hagu saboda taurin kan kakansa. Bakinsa ya buɗe zai roƙa a nuna masa, sai idonsa ya kai gefen bakin Kalilu, ya ga yana rawa kamar na mai danne dariya.

Tsoho ya fasa roƙon. A gefen tabarma akwai buhun albasa da wani wanda ya warke ya kawo masa na godiya. Ya laluba ya zaɓi ƙatuwa, ya ce, "Kai, dubi waccan mota," ya wurga ta saitin kunnen yaron na dama da duk ƙarfin da ya rage masa.

Kafin Kalilu ya tuna yana da ciwo, hannun dama ya fito fit ya cafke albasa a iska. Farin yadin ya faɗi ƙasa, ashe hankici ne kawai ya dunƙule.

"Allah ya kama ka, ɗan banza. Zaka nan."

Ya riƙo hannun da nasa biyu. Ya bi wuyan hannun da babban yatsa a hankali, ƙashi bayan ƙashi, ya lanƙwasa gaba, ya lanƙwasa baya, ya ce a matse masa yatsu, aka matse har sai da ya ce wash. Ƙashi ya haɗe sumul, ko tudu babu. Wani sanyi ya sauko masa tun daga ƙeya har tafin ƙafa, idonsa ya ciko.

"Kuka kake, Tsoho?"

"Albasa ta."

"Ba a ko yanka ta ba."

"Ta Aliero ta, ba ta jiran wuƙa. To mi yak kashe ka ƙasa rannan kana birgima gaban duniya?"

"A ciki ƙwallon tas same ni, numhwashi yaɗ ɗauke. Minti biyu nit tashi nic ci gaba. Hannun ko likitanmu ya ɗauki hoto nai tun kahin mu tahi, yat tambaye ni wace asibiti anka yi aikin. Nic ce wani tsoho na mai rigima, zaure nai ko ƙyaure babu."

"Kuma kas san haka kab bar ni kwana goma sha ɗaya?"

"Kai kac ce ko a jikinka."

Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta gaske wannan karon. "Ka ci ni, ja'iri. Na ji tsoro, na ji. In ka gaya ma ubanka sai na karya ɗayan." Ya ɗaga murya wajen cikin gida. "Gudiya, a kama jan zakaran nan, mijinki ya komo da hannunai."

"Zakara guda? Talatin da huɗu hwa anka zuba mani."

"Ladan albasa na, ita kaɗai nig ga ka tare."

Har aka shimfiɗa tabarmar abinci bai saki wuyan hannun ba, yana ta shafa shi da yatsa kamar ya manta yana riƙe.

"Tsoho, sake ni in wanke hannu."

"Ci da hagu," in ji shi, "tun da ka iya."