Annobar da na gano a kunnen Madara

Jama'a, da hannun hagu nake rubuta muku wannan, domin na dama yana naɗe da bandeji. Zomanya ce ta yakushe ni da safiyar nan ina ɗiga mata magani a kunne, kuma ban ga laifinta ba. Da ni ne ita, da cizo zan haɗa.

Sunanta Madara, ta autarmu ce. Ranar da yarinyar za ta tafi makarantar koyon aikin jinya, ta tsaya a bakin keji da jaka a kafaɗa, ta ce, "Baba, amana ce fa." Na dafa ƙirji na ce ko gashinta ɗaya ba zai faɗi ba. Ni da na shekara goma sha ina caccakar masu alkawari a wannan shafi, ko nauyin bakina ban ji ba.

Makon jiya Madara ta fara karkaɗa kai, tana sosa kunne da ƙafar baya babu ƙaƙƙautawa. Maiɗakina ta ce in kai ta wurin tsohon malamin dabbobin nan da ya yi ritaya, a layin bayanmu. Na ce haba, ga asibitin dabbobi sabo fil da Masu Girma suka gina mana, mu koma wurin tsoho? Awa uku na yi a layin mai kafin in samu abin da zai kai babur can, sannan na dawo na ɗauko ta a kwali.

Asibiti kam sai wanda ya gani. Daɓe kamar ka lashe, ga iska mai sanyi. Na ce wa akawun da ke kan tebur a duba mini kunnen zomanya.

"Na'urar duba kunne? Akwai mana, ga ta can," in ji shi. Tana cikin kabad na gilashi, ko ledarta ba a cire ba. "Sai dai makullin yana wurin Oga."

"Ina Ogan?"

"Ya tafi taron ƙara wa juna sani a kan tausaya wa dabbobi."

"Yaushe zai dawo?"

"Daga can akwai taron bitar wancan taron."

Allah ya ƙara wa manyanmu basira. Na'urar da ba a taɓawa ai ba ta lalacewa, jikokinmu ma za su gaje ta sabuwa.

Da zuciya ta ɗebe ni, sai na ce ni ma zan mallaki tawa. Mai shagon kayan asibiti ya jera mini iri uku. Ga ta ƙarfe mai nauyi, wadda jin kuɗinta kaɗai ya sa nawa kunnen ya yi ƙara. Ga wadda ake haɗawa da waya, ka ga cikin kunne a fuskar wayar. Ga kuma ta roba: ɗan tocila mai tsinin baki da madubin ƙara girma. Ya ce ramin kunnen zomo siriri ne kuma yana da lanƙwasa, don haka in nemi mai siririn baki da haske mai kyau, kada in tura ta can ciki, kuma in na ga abin da ban gane ba in nemi wanda ya sani. Na gyaɗa kai kamar manya a wurin sauraron koke. Na ɗauki ta robar, wadda ma kwalinta a yage yake, saboda ya yi mini ragi.

A gida na naɗe Madara da tawul, na kafa ido. Jama'a, sai ga ƙwaro! Baƙi wuluk, ƙafa shida, ya yi zaman dirshan a tsakiyar kunne. Na duba ɗaya kunnen, ga shi. Na kamo namijin zomonmu da ke ɗaya kejin, shi ma duka biyu.

Maƙwabcina tela ya leƙo jin salatin da nake yi. Cikin raha ya miƙo nasa kunnen. Raha ta ƙare nan take.

"Malam, me ka gani?"

"Ka yi haƙuri, maƙwabci. Kai ma ya kama ka."

"Wallahi dama tun jiya nake jin motsi," in ji shi, ya nemi wuri ya zauna.

Kafin azahar na duba mai faci, mai wanki da direban tasi na ƙarshen layi. Babu wanda ya tsira. Na tabbata annoba ce, kuma ni ne mutum na farko da ya gano ta. Nan take muka kafa kwamiti, ni shugaba, tela sakatare. Kwana uku muna zama a ƙarƙashin rumfarsa, muna shayi muna muhawara a kan sunan da za a sa wa cutar. Har takardar koke muka rubuta mai shafi huɗu, muna Allah wadai da sakacin hukuma.

Autarmu ta kira sau biyu a cikin kwanakin nan. "Baba, ya Madara?" Na ce lafiyarta ƙalau, komai yana tafiya bisa tsari. Da kunnena na ji muryata, irin ta mai magana da yawun ma'aikata sak.

A rana ta uku maiɗakina ta same mu a rumfa. Ita kaɗai ta ƙi yarda a duba ta. Ta ce, "Ranka ya daɗe shugaban kwamiti, Madara ba ta ci komai ba tun jiya. Ba ni abin nan." Ta karɓa, ta haska farin bangon shagon tela, ta leƙa. Ta miƙo mini.

"Duba, bango ma ya kamu."

Ƙwaron yana nan, ƙafa shida. Ta kwance madubin, ta sa tsinken tsintsiya ta zaƙulo mushen tururuwa. Ashe ta inda kwalin na'urar ya yage ta shiga. Tela ya ninke takardar koke a hankali ya sa a aljihu. Mai faci ya ce shi dama bai taɓa yarda ba.

Dariya ba ta zo mini ba. Na je keji na tarar da Madara a lungu, kanta a karkace, ganyen jiya yana nan yadda aka zuba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba tun yarinyar tana ƙarama tana zazzaɓi. Na ɗauke ta tare da na'urar, da gudu sai layin baya.

Tsohon malamin ya goge na'urata, ya leƙa, ya ce ai ba ta da laifi, ta isa aikin gida. "Abin yana ga mai leƙawa." Ciwon ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani sosai, sun tara ɓawo har ya yi ruwa a ciki. Ya ba da magani, ya ce za ta rayu, amma da an kawo ta kwana uku da suka wuce da kan bai karkace ba. Yanzu mai yiwuwa haka zai zauna.

Jiya yarinyar ta kira, ta ce in nuna mata Madara a waya. Na yi niyyar in ce sabis ba kyau. Sai na kasa. Na faɗa mata komai, har da kwamiti.

Sai ta ce, "Baba, na sani tun ranar farko. Mama ta gaya mini. Jira nake in ga ranar da zan ji daga bakinka."

Na yi ta neman abin cewa, ni da ake biya don in yi surutu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ki yafe mini."

Madara ta koma cin ganye. Amma duk lokacin da na doso kejin, sai ta karkato kai ta dube ni a kaikaice da ido ɗaya. Na san kallon nan sarai. Shi nake yi wa Masu Girma idan sun fito a talabijin.