Rasuwar Tsohon da ke Riƙe da Iskandar a Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tsoron da ya fi baƙin cikin yawa, Hajja Mabruka, matar marigayi Sadok mai ɗinkin raga, ta layin bayan masallaci a nan garin Safakis na bakin teku, take sanar da dangi da maƙwabta da duk mai kunne rasuwar Tsoho, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar jikanta Iskandar, abin nan da masu gyara ke kira furosesa. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kan teburin Si Hamadi mai gyaran kwamfuta na cikin kasuwa. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, hannu ne. Hajja ba ta yi makaranta ba. Ita ta faɗa, maƙwabciyarta Najat ta rubuta, bayan ta rantsar da ita cewa ba za ta tausasa ko kalma ɗaya ba.

Mamacin ɗan mitsitsi ne, bai fi biskit ba, da ƙafafu sirara kamar gashin zinariya a ƙarƙashinsa. Hajja ba ta taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar da aka miƙo mata gawarsa a naɗe cikin takarda. Ya shigo gidan ne a cikin baƙin akwatin da ɗanta Lutfi ya saya wa Iskandar na hannu, a shekarar da shi Lutfin ya hau kwalekwale zuwa Italiya. Kowa a layin ya san abin da ya biyo baya. Babu waya, babu gawa, babu kabarin da uwa za ta je ta yayyafa wa ruwa. Abin da teku ya bar mata ke nan: yaro ɗaya da akwati ɗaya.

Mamacin mai haƙuri ne, mai riƙon amana, ba ya yawo. Idan aka taɓa shi sai ya yi "tit" sau ɗaya, kamar mai neman izinin shiga, sannan fankarsa ta ɗauka, "fuuuu", ta yi ta yi har a kashe. Hajja tana kicin tana kankare kifi, tana jin wannan hucin ta bango, tana jin Iskandar yana yi wa abokan wasansa ihu ta abin kunne: "Ta hagu, jaki! Ta hagu na ce, ko makaho ne ya haife ka?" Matan layi suna kukan 'ya'yansu sun lalace da wasan kwamfuta, ita kuwa godiya take yi. Sa'o'in Iskandar fa, wasu suna Italiya suna wankin kwanuka, wasu kifi ya san inda suke. Nata yana ɗaki na biyu yana harbin mutanen ƙarya, kuma duk abin da aka ajiye masa zai cinye. Abin da limami bai iya ba, abin da kukanta bai iya ba, wannan ɗan biskit ɗin ya yi shi shekara da shekaru, bai taɓa neman a gode masa ba.

Ciwon ya fara ne da baƙo. Iskandar ya yi kakar zaitun guda yana hawan tsani a gonar mutane, hannunsa duk ya tsage, ya kwashe abin da ya samu ya sayo katin hoto, wato abin da ke fito da hoton wasa a kwamfuta, ƙato mai fanka uku da fitilu kamar motar biki. Aka saka shi. Maimakon murna sai ɓacin rai. Wai hoton yana tuntuɓe. Ana tsakiyar faɗa sai mutuminsa ya daskare, kafin ya motsa an harbe shi. Ya ce mata, "Kaka, katin lafiyarsa lau, Tsoho ne ba ya iya ciyar da shi. Kamar ki tara masu tsinkar zaitun cike da gona, ki ce jaki ɗaya ne zai kai wurin matsa." Ta ce, "To jakin ya ƙi zuwa ne?" Ya ce yana zuwa, a hankali dai. Ta ce, "Ɗana, abin da ke zuwa a hankali ya fi abin da ya tafi da gudu bai dawo ba. Bar shi."

Kuma ya so ya bari, a shaida. Wata da watanni yana juya maganar, a sauya ko kada a sauya. Yau ya ce zai rage ƙyallin hoton ya haƙura, gobe abokai su yi masa dariya, su ce ya ɗaura injin jirgi a kan keke. Sai Si Hamadi ya tare shi a hanya da bakinsa mai zaƙi ya ce, "Kawo shi in leƙa kawai, mu ga wane sabo ne zai shiga wurinsa. Leƙawa kyauta ce." Allah Ya raba bawa da kyautar Si Hamadi.

Ga yadda aka yi, kuma Hajja tana so kowa ya ji, don ta kai gawar wurin wani mai gyaran ya faɗa mata gaskiya. Akwai ƙarfen sanyaya da ke zaune a kan Tsoho, da wani mai da ake shafawa tsakaninsu. In an daɗe, man yakan bushe ya zama kamar siminti. Masu tsoron Allah sukan kunna kwamfutar ta yi ɗumi tukuna, man ya saki, sannan su murɗa ƙarfen a hankali. Si Hamadi bai kunna ba. Da sanyinta ya buɗe, waya maƙale a kafaɗa yana gardamar ƙwallo, ya fizgo ƙarfen da ƙarfinsa, Tsoho ya biyo shi daga mazauninsa, ƙafafun duk suka lanƙwashe. Ya ɗauko reza wai zai miƙar da su. Iskandar yana tsaye yana cewa, "Si Hamadi, don Allah a hankali." Sai "ƙaras". Maganar mamacin ta ƙarshe ke nan a duniya.

Da Hajja ta sa mayafi ta je, mutumin nan ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Hajja, dama ya tsufa, irinsa ma an daina yi. Ai gata na yi muku, yanzu sai ku sa sabo." Ta ce, "Ni ma na tsufa, irina ma an daina yi. Zo ka karya mini ƙafa ka ce gata ka yi mini." Ya yi dariya. Sannan ya fito da sauran maganar, wadda bai faɗa wa yaron ba tun farko: wai sabon ba ya shiga tsohon allon da komai ke zaune a kai, sai an sauya allon, in an sauya allon kuma sai an sauya wani abin, haka dai har sai gida ya ƙare. Ta ce, "Kai ka san haka ka ce a kawo ka leƙa? Me za ka leƙa, ɗan nema?" Ya ce ta yi haƙuri, akwai mutane suna jira.

Mamacin ya rasu ya bar baƙon nan mai fanka uku, wanda aka yi duk wannan don shi, yana kwance a kwali ko fitila ɗaya ba ya kunnawa. Ya bar allon kallo, baƙi ƙirin, Hajja tana tsorata da fuskarta in ta wuce. Ya bar kujera mai lotsattsen wurin zama. Ya bar Iskandar.

A kan Iskandar ɗin ne Najat za ta rubuta a hankali. Tun ranar Talata ɗakin shiru. Yaron da sai an yi faɗa yake fita sayen burodi, yanzu gari na wayewa ya sa takalmi. An gan shi a gidan shayin da ke kusa da tashar jiragen kamun kifi, teburin can na lungu, inda ake magana ƙasa-ƙasa, kuma Hajja ta san teburin, don a nan uban yaron ya zauna kafin ya hau kwalekwale. Jiya ya tambaye ta nawa take gani za a sayi katin hoton in an sayar. Ta ce me zai yi da kuɗin? Ya ce, "Ba komai, Kaka, tambaya ce," ya sumbaci goshinta. Bai saba sumbatar goshinta ba. Ta ajiye masa kuskus da kifi, irin wanda yake so, ya ci rabi ya ce ya ƙoshi. Tana wanke kwanon ya suɓuce mata.

Don haka ga tsarin jana'iza. Ba za a binne mamacin ba tukuna. Gobe da safe za a ɗauko gawarsa daga gidan Hajja, a bi ta tsakiyar kasuwa, a ajiye ta a kan teburin Si Hamadi, inda aka kashe shi. Hajja za ta zo da kujerarta, kuma a ƙofar shagon za a karɓi gaisuwa, daga buɗewa har rufewa, kowace rana. Duk wanda ya zo da kwamfuta a hannu za a nuna masa gawar kafin ya shiga. Ita da ta ce kada a sauya, yanzu ita ke cewa a sauya: tsoho ko sabo, da allo ko ba allo, bai dame ta ba, wanda ya karya shi ne zai nemo, ya ɗora, akwatin ya sake huci a ɗakin jikanta. Ranar ce za ta ɗauke kujerarta.

Masu zuwa gaisuwa kada su kawo abinci, kada kuma su ɓata addu'arsu a kan mamacin, ƙarfe ne, ba shi da hisabi. Masunta sun ce ƙarshen mako teku zai kwanta luf, irin lokacin da kwalekwalen Italiya ke tashi. Duk mai ƙaunar Hajja Mabruka, ya roƙa mata iska.