Jan Hatimin Mai Akwati

"Lafiya lau muka kwana, tunda ba a ɗakinka muka kwana ba. Shigo mana, ka toge a bakin ƙofa kamar wanda aka aiko yankan wuta."

"Ina gajiya, amarya?"

"Gajiya ai ta zama 'yar gida tun ranar da aka ce kai ne mijina."

Tsinke ya sunkuya ya shiga, don ƙofar ɗakin kakarsa ba ta san da zaman dogaye ba. Mai haɗa wutar sola ne, siriri kamar sunan da aka laƙaba masa, kuma 'yan kwanakin nan bakinsa ba ya rufuwa don murna. Kamfanin da yake wa aiki zai tura shi kwas ƙasar waje, gobe da safe zai je ofishin jakadanci neman biza. Fasfonsa sabo fil yana wurin tsohuwar, ya ba ta ajiya tun ranar da ɓera ya ci gefen takardar makarantarsa. Ita kuwa kakar tasa ta wajen uwa, duk mutanen layinsu suna ce mata Mai Akwati, don a ƙuruciyarta ta yi fataucin kwanuka da yadudduka ƙasa-ƙasa, kuma har yau ba ta bar kowa ya manta ba.

Yana ɗaga ido gabansa ya faɗi. A kan teburin keken ɗinkinta ga reza, ga kwalbar gam a buɗe, ga tsofaffin fasfunanta an farke su, shafuka a jere kamar shanya. Nasa kuwa yana kan cinyarta, a buɗe.

"Tsohuwa, me nake gani haka?"

"Gata kake gani. Ba kai ka zauna nan shekaranjiya kana ƙorafi ba, wai abokan aikinka sun ce fasfon da bai taɓa zuwa ko'ina ba ɗaga masa hanci ake yi? Na buɗe naka na gan shi fari tas kamar kwanon da aka wanke. Kunya ta kama ni. A ce mijin Mai Akwati ne da wannan? Shi ne na ce bari in sam maka nawa."

"Ki sam mini? Hatimi ne fa, ba gishiri ba."

"Gishirin ma wanda ya rasa ake sam wa."

"Zanen aro dai ba ya rufe katara. Hatiman nan an buga su tun ba a haife ni ba. In suka duba kwanan wata in ce me?"

"Ka ce musu tun kana ciki kake yawo. Kuma ba ƙarya ka yi ba, uwarka ba ta rintsa ba har ka faɗo."

Ya miƙa hannu a hankali kamar zai gyara mata mayafi. Ina, tsohuwar da ta yi ciniki da ɓarayin tasha da ido ɗaya take barci. Ta cafe fasfon ta cusa a ƙugun zane, ta daɗa ɗaurewa tamau.

Nan tsoro na gaske ya kama Tsinke. Ya san ko ɗigon gam ya taɓa shafi ɗaya, fasfon ya tashi aiki, kafin a yi masa wani kuma kwas ya wuce, an tura wanda suke takara da shi a wurin aiki. Kokawa da tsohuwa kuwa ba ta taso ba. Ƙara ɗaya za ta yi matan gidan su fito da tsintsiya, su dake shi tukuna sannan su tambayi ba'asi. Sai ya ja kujera 'yar tsuguno ya zauna, ya ce a ransa da baki za a ƙwaci wannan.

"To shi ke nan, na ji. Amma ko a kasuwa ba a sayen kaya a ƙulle. Buɗe mini hajar in gani."

Fuskarta ta washe. Ta ɗora tabarau a karan hanci, ta ɗauko shafin farko da yatsu biyu.

"Wannan shuɗin, ƙasar sanyi ce. Zane uku na ɗaura, haƙorana suna ta gaisawa da juna."

"Ashe can kika baro su."

"Tir da bakinka. Na ga naka wuyan, dogo kamar na dangin ubanka, ko maɗaurin wuya ba zai san inda zai tsaya ba. Wannan mai kusurwa uku kuma ta ruwa na shiga, ina amai ina ciniki. Ka lura, kowanne da ɗan'uwansa, na shiga da na fita. Su mutanen bakin iyaka ba shigarka ce ta dame su ba, fitarka suke dubawa. Hatimi ɗaya ai takalmi ne ƙafa ɗaya."

"To wancan jan fa? Na ga shi kaɗai ya cinye shafi, ba shi da ɗan'uwa."

"Yauwa, ashe kana da ido! Wannan ai shi ne sarkinsu, sarki kuwa ba ya zama da kowa a shimfiɗa ɗaya. Shi na ware maka, shafin farko zai hau. Har na shafa masa gam."

Ta ɗaga shi sama, bayansa yana ƙyalli. Tsinke ya matso da kujerarsa.

"A ina kika samo shi?"

"Ƙasar kwanuka. Wata ɗaya suka rubuta mini, masu kamfani suka yi ta ja mini rai, yau gobe, yau gobe. Ni kuwa ba na barin kayana a baya. Na zauna har sanyi ya tafi zafi ya zo. Rannan sai ga aike, wai babban jami'i da kansa yana son ganina."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai duk masaukin! Ya ba ni kujera, ya tambayi sunan uwata da na ubana, don ya ga alamar 'yar asali. Aka ɗauki hotona ta gaba, aka ɗauka ta gefe. Har yatsuna suka shafa wa tawada don su ajiye abin tunawa. Sannan mota mai jiniya, 'yan sanda biyu, mace da namiji, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har bakin jirgi. Ni aka fara shigarwa, masu kwat suna tsaye suna kallo. Kai wa ya taɓa raka ka ko bakin titi?"

Tsinke ya ciji leɓe har ya kusa fasa shi. Ya zaro waya ya haska jan hatimin don ta fassara masa rubutun. Yana karantawa dariya ta ƙwace masa, ya sulale daga kujerar ya zauna daɓas a ƙasa.

"Me ya same ka, aljanun gidanku ne suka tashi?"

"Amarya, kin san abin da aka rubuta? An kore ta saboda ta wuce wa'adi, kada a sake barinta ta shigo."

"Ƙarya wayar take yi! Wayar da aka ƙera jiya za ta gaya mini abin da ya faru tun tana ƙarfe a cikin ƙasa?"

"To bayan wannan rakiyar, kin sake komawa?"

"Ban ga dama ba."

"Ƙasar da ke kusa da su fa? Mama ta ce kin taɓa zuwa, jirgin da ya kai ki shi ya dawo da ke."

"Iskar garin ce ba ta karɓe ni ba."

"A filin jirgi kika shaƙe ta duka?"

"Jami'in ne ɗan baƙin ciki. Yana buɗe shafin nan ya haɗe rai, ya kira wani, wanin ya kira wani, suka taru suna nunawa da yatsa. Hassada ce tsagwaronta, ba su taɓa ganin..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi jan shafin, ta dubi jikanta, ta sake duban shafin ta saman tabarau. Tsinke ya ga lokacin da maganar ta sauka a zuciyarta, sai ya ji dariyarsa ta ragu da kanta.

"Yanzu da na manna maka wannan," ta ce a hankali.

"Da gobe tun daga ofishin jakadanci za a yi mini rakiyar, ba sai an wahalar da jirgi ba."

"To shuɗin fa? Shi ai lafiyarsa ƙalau, da ɗan'uwansa."

"Tsohuwa, garin neman gira za ki raba ni da ido. Ko fure aka manna a ciki sun ƙi shi. Fari ba laifi ba ne, bai ce na je ko'ina ba, amma bai ce na ɓata ko'ina ba. Ke ma da fari kika fara."

"Ni da kwarjini na fara."

"Da muguwar rawa dai gara ƙin tashi."

"Ji ɗan jiya yana yi mini karin magana! Ni na koya wa uwarka, ita ta koya maka, kuma a hanya rabi ya zube."

Ta kai hannu ƙugu za ta zaro fasfon, sai ta tsaya cak, ta dubi yatsunta da suka yi danƙo. Ta ɗaga hannayen sama kamar wadda aka tsare a shingen bincike.

"Zo ka zare da kanka. Hannuna duk gam, kada in taɓa maka shi."

Ya zare. Ya tafi bakin taga ya buɗe shi shafi bayan shafi yana ɗagawa a haske, ita kuma tana bin sa da ido ba ta ko numfashin kirki. Tas yake, ko ɗigo babu. Ya yi ajiyar zuciya har ƙeyarsa ta bugi ƙarfen labule.

Da ya juyo sai idonsa ya sauka kan teburin. Fasfunan nan tun yana yaro ba a taɓa su sai an wanke hannu, ko baƙi ta ɗauko wa ita ke juya musu shafi. Yau ga su ta bi su da reza saboda shi. Tausayinta ya kama shi ƙwarai.

"Kin lalata dukiyarki fa."

"Dukiyar me? Takarda ce. Labarin yana bakina, shi kuwa reza ba ta kama shi." Ta goge hannu da tsumma, ta buɗe aljihun keken ta ɗauko wata 'yar jakar fata mai igiya, ta yi laushi don tsufa. "Ungo. A wuya ake ratayawa, ta cikin riga. Duk yawona a nan fasfona ya kwana. Ga wuya Allah ya ba ka, har da rara."

"Toshiyar baki ce wannan?"

"Ita ce. In na ji maganar kora a layin nan, sai na ce wa kowa har ka shiga makaranta kana fitsarin kwance."

"Ashe kin yarda korar ce."

"Rakiya ce mai ɗan zafi."

Ya rataya jakar, ya saka fasfon ya zuge. Ta jawo shi ta igiyar har sai da ya durƙusa a gabanta, ta gyara masa ƙullin, muryarta ta sauka.

"Ka ji ni da kyau. In Allah ya sa sun ba ka, ranar da suka rubuta ka fita, ka fita tun ana gobe. Ko kaya, ko aboki, ko aikin da ya fi naka, kada wani abu ya riƙe ka. Ka kawo mini hatimi biyu in gani da idona, na shiga da na fita. Kuma kada ka daɗe, ɗan nan. Ni ma wa'adi aka rubuta mini, ban san ranar ba."

Tsinke ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar. Sannan ya ɗago ya dube ta.

"Ke da kika ƙware a wuce wa'adi? Ki yi zamanki kamar yadda kika saba. Ko mota mai jiniya aka aiko, ki ce musu kayanki ba su iso ba."

Mai Akwati ta harare shi ta saman tabarau. Can sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ɓalle mata har tabarau ya faɗo cinya, tana share hawaye da gefen mayafi tana dukan bayansa da ɗaya hannun.

"Ka ci ni, ja'iri, ka ci ni! Korata suka yi, na yarda. Tashi ka tafi ka goge rigar gobe, zan jira kayana."