Ruku'u a Bakin Titin Faisal

A shekarar da finafinan Koriya suka shiga kaina, na naɗa kaina masani a gidanmu na ɗalibai da ke unguwar Faisal, can ƙasar Larabawa inda muke karatu. Har kicin nake bin abokin zamana, Sani, ina koya masa yadda Koriyawa ke gaisuwa.

Wata Alhamis muna jiran mota, sai ga wani dattijo sak irin attajiran cikin finafinan. Na ce, "Sani, ja gefe ka ga ilimi." Na haɗe ƙafafu, na rusuna har hulata ta faɗi, na rangaɗa masa gaisuwar Koriya.

Dattijon ya ɗauki hular, ya kaɗe ta, ya miƙo mini. Da Larabcin da ya fi nawa tsafta ya ce, "Wa alaikumus salam, ɗana. Ni ɗan Indonesiya ne. Ruku'u kuma na Allah ne."

Ran Asabar na shiga ajin tajwidi, na tarar da dattijon nan a kujerar malami, ashe shi ne sabon malaminmu.

Yanzu limanci nake yi a Zariya, gemu har ya fara furfura. Amma duk sanda Sani ya kira ni a waya, kafin sallama sai ya ce, "Liman, riƙe hularka."